Sista Me-Ka-Gani Za Ta Ajiye Aiki

Kafin ƙarfe bakwai ta riga ta buɗe ɗan ɗakin nan da ke bayan wurin karɓar magani a asibitinmu. Ta duba sanyin firij, ta jera kujerun roba, ta zuba lemu a faranti. Ba na sha ba ne; a jikinsa muke koyon soka allura kafin mu soka wa kanmu. Shekara ashirin da shida wannan nas tana koya wa manya masu ciwon sukari, irinmu da ba ma rayuwa sai da allurar insulin, yadda za mu riƙe kanmu a gida. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ni kuwa har yau ban gama gane ta ba.

Na je ajinta ne kaina a ɗaure. Likita ya ce allura sau huɗu a rana. Gwaggona ta ce duk wanda aka fara wa allura, to ya kama hanyar lahira. Maƙwabcina ya ce in bar shinkafa, matarsa ta ce a'a, burodi ne mugun. Na ce, "Sista, wa zan bi?"

Ta miƙo mini na'urar gwaji. "Soki yatsanka. Me ka gani?"

"Lamba."

"To me ka ci da safe?"

Na zo neman amsa, na koma gida da tambaya. Haka take yi wa kowa, shi ya sa sunan Me-Ka-Gani ya bi ta.

Wanda ya fi ni ruɗewa wani dattijon direban bas ne. Ranar da ta ce kowa ya riƙa yawo da sukari a aljihu, sai ya miƙe.

"Tsaya, 'yata. Sukari ne ya kayar da ni, kuma ki ce in ɗauke shi in sa a aljihu?"

"Ƙwarai, Baba. Allurar kan saukar da shi fiye da kima."

"Kuma ranar da zazzaɓi ya hana ni ci, kada in yanke allurar, in gwada in kira ki?"

"Haka ne."

"To wallahi ko ni ne ba ni da kai, ko ciwon nan ne ba shi da kai."

Muka yi dariya, amma ba wanda ya fi shi fahimta. Ba ta yi fushi ba. Ta ce mako mai zuwa kowa ya zo da wani na gidansa. Direban ya zo da matarsa, tana ta mitar an raba ta da ɗinkinta.

Bayan wata biyu matar ta ba mu labari a ajin. Da rana tsaka mijin ya fara gumi, hannunsa na karkarwa, yana zagin mutanen da bai taɓa zagi ba. Ƙaninsa ya ruga ya ɗauko allura yana cewa, "Sukarin Yaya ya tashi!" Ta tare shi a bakin ƙofa, ta ce ba a soka sai an gwada. Suka yi ta ja, shi yana cewa za ta kashe masa ɗan'uwa, ita kanta ba ta da tabbas. Ta daure ta gwada. Sukarin ya faɗi ƙasa ne. Da yake yana iya haɗiya, ta dama masa sukari a ruwa. Da allurar nan ta shiga, Allah kaɗai ya san yadda za a kwashe.

Muka juya muna yi wa Sista tafi. Ita kuwa direban take kallo. "Baba, da ka yi allurar rana, ka ci abinci?" Ashe makanike ne ya kira shi, ya manta bai ci ba.

Ke ce, Sista, wadda ba ta ƙosawa da tambaya ɗaya sau goma. Ke ce kika riƙe hannuna har na soka wa cikina allurar farko. Mai haƙuri irin na mai ɗinkin hannu, sannu da aiki.

Makon jiya na faɗa wa Sista gaskiya. Na ce kwana biyu a jere na ci abinci iri ɗaya, na yi allura iri ɗaya, lambobin suka bambanta, ga shi za ta tafi ta bar ni a haka.

Ta ce, "Ni ma ruɗewa nake yi, ƙanina. Jikin ɗan Adam bai gama ba ni mamaki ba. Amma da, in ka ruɗe sai ka kwanta kana kuka. Yanzu in ka ruɗe, gwadawa kake yi."

Ban san ko lallashi ne ko faɗa ba. Na dai ji sanyi.

Mun gode, Sista. Allah ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma ma'aikatan lafiya, in majinyaci ya tsaya yana kallonku da takarda a hannu bai motsa ba, ku ba shi kujera kamar yadda ta ba mu. Bai gane ba ne, kuma kunyar faɗa yake ji.