Malamin Nu'uman

Duk wanda ya yi zirga-zirga tsakanin Suleja da Abuja a shekarun casa'in ya san Gwadabe mai canji, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zama a benci ƙarƙashin dalbejiya, daf da inda bas-bas ke lodi, yana murza yatsu biyu yana cewa, "Dala, fam, riyal." Sunansa na yanka Abubakar, amma ban da mahaifiyarsa babu mai kiransa da shi. Ɗan Fagge ne. Agogo yake sayarwa a Kano, sai gwamnati ta tare a Abuja, ya ji labarin yadda ma'aikata suka cika Suleja saboda arahar haya. Ya kama ɗaki biyu a unguwar Kwamba, ya ɗauko matarsa Hamdiyya da 'yarsu Umaima, ya sauya sana'a.

A faɗi gaskiya, ya iya aikinsa. Da babban yatsa yake gane jabu, ko idonsa a rufe. Ya san a watan Disamba ake saye, lokacin da 'yan kudu ke dawowa Kirsimeti daga Turai, a riƙe har maniyyata su fara nema. Ya san da sassafe ake sayarwa, mai nema na sauri kar mota ta bar shi, da la'asar kuma ake saye, mai dala ya gaji yana son isa gida. Abu ɗaya ne Allah bai hore masa ba: ya ga wani ya samu, shi kuma ya ci abinci ya ji daɗinsa.

Nu'uman mutumin Zariya ne, magidanci, masinja da aka sallama daga aiki. Wata rana ya zo tasha yana yawon neman abin yi, Gwadabe ya matsa masa a benci, ya koya masa duk abin da ya sani. Shekara uku suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kwano ɗaya, buta ɗaya. Nu'uman ba ya kiransa sai da Yaya, kuma Gwadabe na jin daɗin wannan kira fiye da ribar yini. A duk Suleja ba shi da wani amini sai shi.

Cikin 1996 abin ya fara. Nu'uman ya daina zaman benci kullum. Sai ya ɓace ran Litinin, ya ɓullo ran Talata ya ce, "Yaya, kana da fam? Ka sayar mini, ko kuma ka riƙe zuwa jibi, zai yi tsada." Gwadabe ya yi dariya a ransa, wai yau ɗalibi ke koya wa malami. Ya sayar masa kaf. Jibi sai ga mutum biyar na neman fam ido rufe, kafin ma su iso tasha Nu'uman ya riga ya same su a ƙofar gidajensu. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ranar da ya saya kasuwa ta tashi, ranar da ya sayar ta faɗi.

Da Nu'uman ya sayi sabon babur, Gwadabe ya yi masa Allah ya sanya alheri da baki, ya koma gida ya kasa cin tuwo. Da Maryam matar Nu'uman ta aiko wa Hamdiyya turmin atamfa, ya ce kada ya kuskura ya gan ta a jikinta.

"Baban Umaima, kyauta ce fa," in ji Hamdiyya.

"Kyauta? Nuna mana ake yi."

"To kai ka tambaye shi yadda yake yi mana. Ba ƙanenka ba ne?"

Ya yi tsaki. Shi da ya koya wa mutum riƙe dala, shi zai je ya durƙusa ya tambaya? Hassada ce ta kama shi, ya kuma san ita ce, amma ya sa mata suna mamaki.

Ya yanke a ransa cewa akwai malamin da ke duba wa Nu'uman ranar sa'a. Shi ma ya bazama neman malamai. Na farko ya ba shi Alhamis da hantsi. Wata biyu yana ƙin ciniki sai Alhamis, masu saye na wucewa ta gabansa sauran kwana shida. Na biyu ya ce ai kuskure aka yi, Lahadi ce ranarsa, ranar da babu ma'aikaci ko ɗaya a tasha. Gwadabe ya zauna shi da kajin masu awara.

Sai ya fara sa ido. Ya lura duk Laraba Nu'uman na ɗaure wani ƙulli a bayan babur ya nufi unguwar Magajiya. Sau biyu ma ya ce masa, "Yaya, hau mu je gaisuwa," Gwadabe ya ce yana da abin yi. Wata safiya a teburin mai shayi, ana yabon Nu'uman, zuciya ta ɗebe shi.

"Ku dai ku yi ta yabo," ya ce. "Ku tambaye shi abin da yake kaiwa Magajiya a ƙulli duk Laraba. Ni ban ce komai ba."

Ai kuwa ya ce komai. Kafin mako ƙullin ya zama baƙin zakara, kafin wata ya zama likkafani. Mutane suka fara miƙa wa Nu'uman hannu da ƙyar. A bakin famfo mata suka riƙa janye bokitinsu daga na Maryam, ga ta da tsohon ciki. Gwadabe ya ga duk wannan, abin ya ɗan dame shi, amma kuma, a faɗi gaskiya, ya ɗan ji sanyi a ransa.

Maryam ta haihu namiji. Suna ya faɗo ran Laraba. Hamdiyya ta tafi tun asuba don taya aiki, Gwadabe ya ce zazzaɓi yake ji, da rana ta fito kuwa ya lallaɓa benci. Hantsi ya ɗaga sai ga Nu'uman a kan babur, cikin sabuwar shadda, idonsa ja.

"Yaya, hau. Yau zan kai ka wajen malamina."

Bai tambaya ba, umarni ne, abin da bai taɓa yi ba. Gwadabe ya hau.

A wani lungu na Magajiya suka tsaya, gaban rumfar kwano mai igiyoyin shanya. Wani gajeren mutum na ciki yana hura gawayin dutsen guga. Gwadabe ya gane shi nan take: Isiyaku mai wanki da guga, wanda ya yi masa wanki shekara biyu kafin su ɓata a kan tabon riga. Nu'uman ya kwance ƙullin daga bayan babur. Riguna uku ne da wando da singileti, duk masu datti.

"Malam Isiyaku, gaya wa Yayana abin da ke cikin makon nan."

Isiyaku ya ɗauko wata kwat ya miƙa wa Gwadabe. "Alhaji, shinshina."

Ƙamshin kafur ne.

"Daga ƙasan akwati ta fito," in ji Isiyaku. "Wa zai sa wannan a zafin Suleja? Mai ita Landan za shi, ya ce lallai ran Juma'a ya karɓa. Irinta huɗu aka kawo, ofishinsu ɗaya. Waɗancan kuma na kan igiya masu su shekaranjiya suka sauka, ga alamar otel nan a wuyan rigar. Wanda zai tafi nema yake, wanda ya dawo kuma akwai saura a aljihunsa. Hira ce kawai muke yi da Nu'uman in ya kawo wanki." Ya juya gawayi. "Ai kai na fara yi wa irin hirar nan, Alhaji. Ka ce in yi guga in rufe maka baki."

Gwadabe ya tsaya riƙe da kwat ɗin mutane, ya rasa inda zai sa idonsa. Kunya ta rufe shi har wuya.

"Tabarma goma na shimfiɗa yau," in ji Nu'uman. "Uku aka zauna. Na bi maganar daki-daki, Yaya, na ga inda ta fito. Da wani ne da ban ji zafi haka ba."

"Nu'uman, wallahi ni..."

"An raɗa wa yaron sunanka, Abubakar. Tun yana ciki na yi niyya, ban kuma fasa ba. Na ce gara ka ji daga bakina."

Ya mayar da shi tasha, ya sauke shi, ya ɗauki butarsa daga ƙarƙashin benci. Gwadabe ya je teburin mai shayi washegari ya ƙaryata kansa a gaban kowa, amma ƙullin wanki bai kai likkafani daɗin ba da labari ba, kaɗan ne suka ɗauka. Kafin damina Nu'uman ya kwashe iyalinsa ya koma Abuja.

Gwadabe ya ci gaba da zama a ƙarƙashin dalbejiya har ƙarshen shekarun casa'in, ba ya barin kowa ya zauna a rabin bencin. Ya mayar da wankinsa wajen Isiyaku, wanda ke karɓa ya ce "Asabar" ya ci gaba da gugarsa. Ya kuma sayi wata 'yar hula ta jarirai a kasuwa, fara mai aikin shuɗi, ya ce sai ranar da ta dace zai kai wa takwaransa. Hamdiyya ce ta tsinto ta a aljihun babbar rigarsa bayan shekara uku, har yanzu a cikin ledarta.

"Baban Umaima," ta ce, "yaron nan fa ya shiga makarantar allo. Ba za ta shige shi ba."