Babban Yatsan Akanta-Janar

Shekara talatin da biyar ya yi a baitulmalin jiha, kuma kowa Sai-Na-Gani yake ce masa. Sunan ya samo asali ne tun yana ƙaramin akawu, zamanin da ake biyan albashi hannu da hannu ta wata 'yar taga. Ko wa ka aiko ya karɓar maka, amsarsa ɗaya ce: sai ya gan ka da idonsa. A bakin tagar nan ya ƙware da ƙirga, jiƙaƙƙen soso a gefe, babban yatsansa na dama yana goge takardun kuɗi tun safe har la'asar. Daga nan ya koma sashen bincike, ya yi karatun akanta yana da 'ya'ya uku, ya riƙe ma'ajin ma'aikatu biyu, a ƙarshe aka naɗa shi Akanta-Janar. Kujera ta sauya, amma hali zanen dutse.

Aikin da ya fi alfahari da shi shi ne tantance 'yan fansho. Ya gano matattu suna karɓar kuɗi duk wata, wasu ma har da ƙarin girma, sai ya sayo na'ura, ya rubuta doka da hannunsa: duk wanda na'urar ba ta ɗauki babban yatsansa na dama ba, a cire sunansa. Matarsa Hajiya ce ta tsaya masa a wuya. Ta tambaye shi ko ya taɓa duba tafin hannun lebura ko na mai wanki. Ya ce doka ba ta da ƙofar baya. Kwana uku tana yi masa mita, har ya gaji ya ƙara layi biyu a ƙasa: in na'ura ta ƙi mutum, tsofaffin ma'aikata uku su shaide shi. Bai so ba, kuma ya daɗe yana kiran wurin ɓarakar Hajiya.

Wata shida da ritayarsa, layi ya zo kansa. An ce ya zauna gida a kawo masa na'urar, ya ƙi. Ya je ya zauna a benci cikin zaure mai fanka ɗaya, katinsa a hannu. Fanshon nan kuwa shi ne duk abin da ya mallaka, don bai fita da gona ko gidan haya ba, ga maganin hawan jinin Hajiya.

Ma'aikaciyar da ke teburin sabuwar zuwa ce, ba ta san shi ba. Ya ɗora yatsa, fitila ta yi ja. Ta ba shi auduga ya goge, ja. Ya hura masa iska, ya danna da ƙarfi, ja. Ta juya yatsan ta duba, sumul yake kamar bayan cokali. Kuɗin mutane sun cinye zanen tas.

Ya ce ko za a gwada na hagu. Ta ce cikin ladabi doka ta hana, har ta nuna masa takardar manne a bango, da sa hannunsa a ƙasa.

"Baba, sai dai in kana da shaidu uku," in ji ta.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Ya waiga ya dubi bencuna, fuskoki ne duk da ya sani, kuma babu wadda bai taɓa mayar wa da takarda ba. Ya tabbata yau ranar ramuwa ce.

Wani tsohon direba ya fara miƙewa, yana dogara sanda. Ya ce shi ne, ko a duhu zai gane shi, mutumin da ya sa shi zarya huɗu a kan rasit ɗin mai guda ɗaya. Zaure ya ɗauki dariya. Wata tsohuwar shugabar makaranta ta taso, ta ce ita ma ta sha wuyarsa, amma albashin malamanta bai taɓa yin ƙafa ba a zamaninsa. Aka tsaya a biyu. Can daga bencin ƙarshe wata tsohuwa da ta yi shekaru tana wanke daɓen baitulmali ta taho a hankali, ta buɗe masa tafin hannunta.

"Yallaɓai, ni ma na'urarka ba ta san ni ba. Layukan nan biyu na ƙasa da su nake ci shekara huɗu ke nan. Ina zan sa hannu?"

Ya sauke ajiyar zuciya, ya koma benci ya zauna. Daɗi ya ji, da kunya, kuma bai ɓoye ko ɗaya ba.

Da ya isa gida ya tarar da Hajiya tana shanya. Ya ce mata an tantance shi, yana nan da ransa. Ba ta ko juyo ba.

"Sai na gani," ta ce.

Ya miƙa mata takardar. Ta karanta sunayen shaidun nan uku, ta dube shi, ta tambaye shi ta ina ya bi.

"Ta ɓarakarki," in ji shi.