Malamin Manya Da Murafen Kwalba

A bakin ofis suka ƙulla magana, malamin ajin manya da hedimasta. Hedimasta yana son ɗakin ajin manya ya mayar da shi sito. Malamin manya ya ce ya ji, amma a gwada tsofaffinsa tukuna. Sharaɗin shi ne hedimasta ya rubuta musu lambar da ya ga dama. In sun farfasa ta har ta ƙi fasuwa, ɗaki nasu ne. In sun kasa, malamin da kansa zai fitar da bencina. Suka tafa.

Wannan malami da ya ajiye alli makon jiya, shekara ashirin da shida yana jingine kekensa jikin taga bayan an tashi yara, da buhun murafen kwalba a baya. Ɗalibansa direbobi ne da teloli da masu gadi, wasu sun haife shi. Yakan zube musu murafe ya ce a kasa su daidai, kashin kuma a sake kasa shi, har a iso lambar da ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Irin waɗannan yake kira masu taurin kai. Dokarsa guda ce, a gwada su bi da bi, ba tsallake.

Ranar gwaji hedimasta ya rubuta casa'in da ɗaya yana murmushi, don a ganinsa ba ta rabuwa. Goggo mai ɗinki ta gyara tabarau ta ƙirga murafe. Ta kasa biyu-biyu, ɗaya ya yi saura. Uku-uku, haka. Biyar-biyar, ɗayan nan dai yana gefe. Wani direba ya ce murfin nan ko gwauro ne. Hedimasta ya ce a bar wahalar da tsohuwa, lambar ba ta da makama.

Goggo ko kai ba ta ɗaga ba. "Ɗan nan, zauna. Ba mu gaisa da bakwai ba tukuna."

Ta kasa bakwai-bakwai, kashi goma sha uku suka fito cif, babu saura. Ta gwada sha ukun, ta ƙi fasuwa. Ta ce bakwai da sha uku ne iyayenta.

Malam, kai ne ka zauna a bencin baya hannu a aljihu, ba ka yi ko tari ba, don ka san abin da ka shuka. Kai ne ba ka taɓa yi wa furfura dariya a gaban allo ba. Mun gode, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Masu riƙe da alli yanzu, ku koyi wannan haƙuri.

Tsofaffi sun ci ɗaki, har yau a ciki suke karatu. Hedimasta ya rasa sito, kwalayensa suna nan jibge a bayan kujerarsa.