Koren biron Dakta Lawali

Da safiyar nan, ina tsaye a tashar jirgin metro ta Ainu Shams, Hajiya Rakiya ta kira ni. Ta ce maigidanta, Dakta Lawali, ya rasu bayan sallar asuba. Jirgi biyu suka zo suka wuce ban shiga ba.

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Waɗanda suka san ni sun san ba na rubutu a shafin nan, na wasu nake karantawa. Yau zan rubuta, kuma sai da na auna kowace kalma kafin na ajiye ta.

Dakta mutumin Damagaram ne, masanin tattalin arziki. Shekara uku muna aiki tare a wani ofishi a unguwar Ma'adi, cikin kwamitin da ke tsara kasafin kuɗi na shekara goma, wanda ƙasashen ƙungiyarmu za su tara tare su kashe tare. Shi ne dattijon kwamitin. Ni jadawali nake haɗawa, a ƙarshen tebur nake zama, kuma ban taɓa ɗaga hannu a taro ba.

Lokacin da aka yi mini haihuwa a Kano ban sami hutu ba, shi ya yanka rago a gidansa ya tara mutane. Ya ce, "Bakano, ba za a ce an yi maka ɗa namiji kana cin wake da gurasa kai kaɗai ba. Abin kunya ne, ko a wajenku."

Yana da koren biro. Kowane daftari aka amince da shi a zama, sai ya bi shafi bayan shafi yana sa hannu a kusurwa, sannan ya tafi da kwafin gida. A bayan idonsa ana kiransa Dakta Zargi. Ya sani.

"Ni ba mutane nake zargi ba," in ji shi, "takarda nake zargi. In ta kwana a ofis ita kaɗai, da safe sai ka tarar ta sauya ra'ayi."

Dole in faɗi wani abu a kaina. Ni ma na zarge shi.

Akwai sashe na tara, wanda ya ware ajiya domin shekarar fari, ya kuma ce ba za a karkatar da ita ga wani aiki ba sai da yardar dukkan ƙasashe, manya da ƙanana. A kan wannan sharaɗi Dakta ya kafe. Na ce a raina, ai ƙasarsa na cikin waɗanda fari ya fi addaba, gidansu yake yi wa aiki. Na faɗa wa wani abokin aiki, magana ta koma kunnen Dakta. A zama na gaba aka nemi a yi sassauci, sai ya yarda a cire aikin hanyar da za ta ratsa yankinsu, muddin za a bar sashe na tara yadda yake.

Da muka fito ya kama hannuna ya ce, "To, Malam Sani, ka huta? Yanzu ko a gida an daina amsa gaisuwata."

Na ce, "Ma'alish, Dakta, yi haƙuri." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan. Ya cancanci fiye da haka.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Alhamis ce bayan la'asar, a wani shagon shayi a unguwar Darrasa, kusa da masu sayar da littattafai. Ya fito daga wajen likitan zuciya, yana magana yana hutawa. Ya miƙo mini ambulan mai kauri.

"Riƙe mini. Ajiya ce fa, ba haja ba. Na san halinku, kafin magariba sai in ji ta a Kantin Kwari."

Na ce, "Ranka ya daɗe, akwai abin da kake tsoro ne?"

Ya ce, "Na tsufa da tsoro. Shekara goma ake magana. Ranar da ruwan sama zai ƙi sauka, yawancin masu sa hannun nan ba sa kan kujerunsu. Takardar ce kaɗai za ta rage. Khalas, shi ke nan, sha shayinka."

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Ba ni da shakka a kan mutuwarsa. Ya daɗe yana jinya, kuma lokacinsa ne ya yi.

Gaggawar da ta biyo baya ce ban gane ba.

Ina isa gidan makoki na tarar da motar ofis a ƙofa. An aiko direba ya karɓi kwamfutar Dakta da duk takardun da ke ɗakin karatunsa, alhali ko wanka ba a yi masa ba. Direban ba shi da laifi, kansa a sunkuye yake. Hajiya ta tattara ta ba shi, don ba ta cikin halin tambaya.

Kafin azahar saƙo ya shigo mana ta imel. Sama ta'aziyya ce, mai kyau ƙwarai, daga bakin waɗanda suka raɗa masa wancan suna. Ƙasa kuma ga daftarin ƙarshe, an ce gyaran rubutu kawai aka yi masa.

Da na koma gida na buɗe ambulan ɗin, na jera daftarin da ke ciki da sabon a kan tabarma. A na Dakta, wanda aka amince da shi ranar Laraba, sashe na tara yana nan da sharaɗinsa, ga koren sa hannu a kusurwa. A sabon, sharaɗin babu shi. An mayar da hukuncin ga wani ƙaramin kwamiti, wanda ƙananan ƙasashe ba su da kujera a cikinsa.

Mai yiwuwa kuskuren mai buga rubutu ne. Ina fata haka ne. Ban ambaci sunan kowa ba, don ban san wanda ya yi ba, kuma na taɓa zargin mutumin kirki na ga yadda ta ƙare.

Ranar Lahadi za a zauna a miƙa daftarin ga ministoci. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, kuma masu sabunta shi suna cikin masu zama a teburin nan. Ina da iyali. Na yi wannan lissafin sau da yawa tun ɗazu.

Duk da haka zan ɗaga hannu.

Domin a sauƙaƙa wa kowa: kada a aiko mini da mota. Na riga na kai takardun wajen masu hoton takarda a Darrasa, na sa an yi mai launi don koren ya fito, kuma yanzu ba a hannuna kaɗai suke ba.

Ya Allah Ka gafarta wa bawanKa Lawali, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka karɓi amanar da ya tsare a matsayin shaida gare shi. Ka ba Hajiya Rakiya da 'ya'yansa haƙuri. Ka yafe mini zaton da na yi masa.

Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonsa ya sa Dakta a addu'arsa ta yau. Idan da sauran wuri, ya roƙa mini kada muryata ta yi rawa ranar Lahadi.