Ragon Alhaji Mamuda da Madarar Safe

Cikin shekarun da na yi ina aikin dabbobi a Ƙaraye, ranar da ba ta fita raina ita ce wata Laraba, saura mako biyu Babbar Sallah. Lokacin ni Sule ina mataimakin Dakta, shugaban ofishinmu, aikina allura da ba da maganin tsutsa.

Ranar Litinin na je Kwanyawa na yi wa ragon wani Alhaji Mamuda allura. Rago ne fari ƙato, da shi ake kwatance a unguwar. Laraba da hantsi sai ga Alhaji a ofis, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Dakta, ma'aikacinka ya kashe min rago! Tun da ya tsira masa allura yake zawo, cikinsa kamar ganga."

A ƙa'idarmu, in aka kawo ƙorafi, sai shugaba ya je ya gani da idonsa kafin ya rubuta takardar tuhuma. Takardar kuwa in ta shiga fayil ɗinka, ƙarin girma ya yi nisa. Muka hau mota mu uku.

Muka tarar da rago a tsaye yana nishi. Dakta ya matsa cikinsa, ya duba inda na yi allura, lafiya lau. Sai ya hango ƙwarya a gindin turke.

"Alhaji, me ake zuba masa a nan?"

"Madara mana, sabuwar tatsa. Ranar Lahadi na fara sa a kawo daga ruga. Rabi shi, rabi ni, don mu shiga Sallah da kyan gani."

Bai rufe baki ba cikinsa ya yi wani ƙugi, har ragon ya waiwayo. Alhaji ya ce a yi masa uzuri, ya tattare babbar riga ya nufi bayi da sassarfa. Ya dawo, ya fara magana, ya sake komawa.

Da ya fito karo na biyu, Dakta ya gyara murya. "Ranka ya daɗe, kai ma Sule ya yi maka allurar?"

Alhaji ya ce, "Wallahi na zaci sammu ne."

Dakta ya yi masa bayani: dabba in an yaye ta, cikinta yakan daina narkar da zaƙin da ke cikin madara, haka ma mutane da yawa in sun girma. Makiyaya galibi ba ta damunsu, sauranmu kuwa kindirmo ya fi mana sauƙi. Aka mayar da rago kan harawa da dusa, kwana uku ya warware. Alhaji ya ba ni haƙuri a gaban mutane.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa: dabba ba ta magana, mai ita kuma ba ya faɗin abin da yake ganin alheri ya yi. Kafin ka buɗe jakar magani, tambayi abin da aka ci a gidan, har da maigidan.