Inna Verna da Ƙararrawar Beyar

Inna Verna matar Kawu Arvid ce, yayan mahaifiyata. In kana tsaye a gadar jirage ta garinmu, nan kudu maso gabashin Alaska, ita kuwa tana kicin ɗinta a kan tudu, za ka iya sanin abin da ta ɗora a wuta, domin za ka ji tana yi wa tukunyar faɗa.

Ba da wannan muryar aka haife ta ba, in ji ta. Tun tana budurwa ta shiga kamfanin gwangwanin kifi, layin yanka, inda injuna ke ruri daga safe zuwa yamma, wanda bai ɗaga murya ba ko wuƙa ba zai samu aro ba. Kawu Arvid a lokacin yana kawo kifi a jirgin mahaifinsa. Bazara biyu ya yi yana tsayawa a bakin ƙofa da hula a hannu, bai ce uffan ba. Ita ce ta gaji, ta ajiye wuƙa ta ce, "Malam, in aurena kake so ka gyaɗa kai, aiki na jirana." Ya gyaɗa.

Tun daga shekarar, duk watan Yuli su biyu suke loda kwalekwalensu mai inji su nufi arewa, wani lungun teku da suke kira Lungun Hankaka. Babu gida, babu hanya, sai dogayen itatuwa da gansakuka da ruwan sama da ba ya gajiya. Can suke kama jan kifin da za su kyafa su ci har ƙarshen sanyi. A bakin teku sai ka wuni ka samu 'yan ƙalilan. Kifin na taruwa ne a gindin wata matsirgar ruwa, sai an bi rafi cikin duhuwa kafin a kai. Kuma ba mutane kaɗai suka san da wurin ba.

A tafiyarsu ta fari, suna amarci, suka bi rafin shiru, sai ga su gaba da gaba da uwar beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan mai gashi da farata, da 'ya'yanta. Allah ya kiyaye, ta yi gurnani ta kaɗa 'ya'yanta ta shige. Kowa a nan ya san beyar ba ta son a yi mata ba-zata. In ta jiyo mutum daga nesa, kaucewa take yi. Daga ranar aka raba aiki. Inna a gaba tana magana, Kawu a baya da koma a kafaɗa. Gulmar gari, tsadar gari da sukari, laifin surukarta tun na ranar biki, waƙoƙin coci in zance ya ƙare. Shekara arba'in da 'yan kai ba su sake yin arba da beyar a kusa ba.

"Babu sirrin garin nan da beyar ɗin Lungun Hankaka ba su sani ba," haka take cewa.

Bana aka yi mata aiki a gwiwa. Likita ya ce ko matakalar gidanta ta bi a hankali, balle duwatsu masu santsi. Kowa ya zaci an fasa tafiyar. Sai wata safiya Kawu ya same ni a gidan ƙanƙara inda nake aiki, ya tsaya yana kallon ƙafafuna.

"Yuli," ya ce. "Ka nemi takalmin ruwa mai kyau, Wendel."

Na yi murna, ba zan ɓoye ba. Da yamma na hau tudu in gaishe da Inna.

"Inna, ina wuni? Ya ƙafar?"

"Ƙafar na nan inda ka gan ta. Kai ne sabon abokin tafiyar?" Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Bebe ya ɗauki bebe. To, Allah ya ba beyar sa'a."

Ta kafa doka cewa a falo za a yi shirin, a gaban kujerarta. Muka baje tamfol da igiyoyi da tukwane da buhun gishiri da gwangwanayen kofi. Ita tana zaune, ƙafa a kan matashi, sandarta a hannu, tana nuni da ita. Na ɗaure ashana a leda ɗaya, ta ce biyu. Na naɗe bargo, ta sa na warware. Da ta zo kan jakata sai ta sa bakin sandar ta zaro wanduna ɗaya bayan ɗaya, tana wurgi da su bayan kujera.

"Auduga! Auduga! Wannan ma auduga! Kai ba a garin nan aka yanke maka cibiya ba? In ta jiƙe, sai ka dawo gida za ta bushe. Ulu ake sawa, shiru-shiru."

Gaskiyarta ce, na kuma gode. Amma da Kawu ya ga rigar ruwana ta yage a hammata, ya miƙa hannu wajen tata, rawaya, da ke rataye a ƙusa, sai falon ya ɗauka.

"Taɓa ta ka gani, Arvid!"

Ya janye hannu. Haka aka yi da kofinta na ƙarfe, haka aka yi da matashin da take zama a kai a goshin kwalekwale. Sabuwar rigar ruwa na saya, na zauna a kan bokiti ranar da muka gwada inji.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Kawu bai nuna damuwa ba. Ran nan yana rumfar baya yana ɗinkin koma, sai muka jiyo shi yana fito ƙasa-ƙasa. Ta kama hannuna ta matse.

"Ka ji? Ka ji da kunnenka? Tun da na san shi bai taɓa fito ranar shiri ba. Tsohon banza, sai ka ce an sako shi daga kurkuku."

Ana saura 'yan kwanaki mu tashi ta sa na zazzage ƙaramar jakar Kawu, wai ta ga ko ya manta maganin hawan jininsa. Maganin na nan. Sai wani abu ya faɗo ya gangara ƙarƙashin tebur yana ƙara. 'Yar ƙararrawa ce mai maɗauri, irin wadda baƙi masu yawon buɗe ido ke ɗaurawa a jaka don beyar ta ji zuwansu, mu kuma muna yi musu dariya.

Inna ta ce in miƙo. Ta riƙe ta da yatsu biyu kamar mushen ɓera.

"Arvid!"

Ya shigo yana goge hannu.

"Mene ne wannan?"

"Ƙararrawa."

"Na ga ƙararrawa ce, ba makanta aka yi min aiki a kai ba. Ta wa?"

Ya nuna ni da haɓa. "Ba ya magana."

"Au, haka ne? Ashe abin da nake yi maka ke nan. Na ƙarar da maƙogwarona a dajin nan, ruwa na shiga min baki, ashe ɗan ƙarfen kanti zai iya. Da ka faɗa tun muna yara ai da na huta!"

Kawu ya sosa ƙeya, ya koma rumfarsa.

Washegari ta ce za ta koya min aikin, tunda dai ni aka zaɓa. Ta buɗe taga, ta sa na gangara wajen gada ina magana da ƙarfi. Na fara da lissafa kayan da muka ɗaure. Kafin in kai gidan Lorna, maƙwabciyarsu da za ta riƙa leƙa ta in mun tafi, zance ya ƙare min.

"Ban ji ka ba!" ta ƙwala daga sama. "Addu'a kake yi? Ko hankaka bai tashi ba!"

Na dawo ina jin kunya. Na same ta fuskarta a sake, karon farko tun da aka fara shirin.

A ranar ƙararrawar ta ɓace. Kawu ya duba jaka, ya duba rumfa, ya ɗaga tamfol, bai tambayi kowa ba. Ni na ga maɗaurin ya leƙo daga ƙarƙashin matashin ƙafarta, na kau da kai.

Da Kawu ya sauka sayen mai, ta ce in zuba mana kofi. Muka zauna, ruwa na dukan kwano. 

"Ka zaci don kifi nake wannan haukan?" ta ce, muryarta ƙasa. "Kawunka yana magana, ɗan nan. Sau ɗaya a shekara. In mun kai matsirga, ni na gaji, murya ta dushe, sai mu zauna a kan wani faffaɗan dutse. Sai ka ji ya buɗe baki. Abin da ya tara tun bara. Wanda ya ɓata masa rai, abin da ya tsorata shi, har girkina da ya yi masa daɗi a watan Janairu. A can ya fara ce min ina da kyau, muna da shekara tara da aure. A can ya yi kukan mahaifinsa. A gida ko ka matse shi ba ka samun komai."

Ta juya kofin a hannunta.

"Yanzu ya tara na shekara guda, ga aikin da aka yi min, ban san abin da ya ji ba da aka shiga da ni. Zai kai shi can ya juye wa wani. Kai kuwa ga ka da kunne kamar rariyar da ba ta huje ba. Da ma surutu gare ka da ban damu ba."

Na ce zan iya toshe kunnena. Ta harare ni.

"Ko ka toshe ai ya riga ya fita. Ba ya maimaitawa."

Ranar tafiya aka tashi da yayyafi da hazo. Lorna ta kawo Inna gada a mota, Inna ta fito tana dogara sanda, sanye da rigar ruwanta rawaya kamar mai shirin shiga jirgi. Ta duba ɗaurin kaya, ta ce tamfol ɗin ya karkace. Sannan ta sa hannu a aljihu ta zaro ƙararrawar, ta cusa min a tafi ba tare da ta dube ni ba.

"Riƙe. Ka ɗaura a ƙugu, ba a jaka ba. In beyar ta cinye min shi, kai zan ci."

Kawu ya tako daga cikin kwalekwale ya hau gada. Ya karɓi ƙararrawar daga hannuna, ya durƙusa da ƙyar, ya ɗaura ta a jikin sandarta, ya ja maɗaurin ya ƙulle.

"Me kake yi haka, tsoho?"

"A bakin teku za mu tsaya."

"Bakin teku? Kifi nawa za ku samu a bakin teku? Me za mu ci da sanyi, gansakuka?"

"Matsirga ba ta gudu," ya ce. "Baɗi."

Ta dubi sandar, ta dube shi.

"To fiton da kake yi fa?"

"Likita ya ce gwiwar na kamawa."

Ya koma cikin kwalekwale ya ja igiyar inji. Na kwance mu daga gada, na zauna a kan bokitina.

Ba mu yi nisa ba muryarta ta dawo mata. "Wendel! Kar ka bar shi ya kwana da safa jiƙaƙƙiya! Arvid, in na ji ka faɗa wa yaron nan ko kalma ɗaya, ka nemi wani gidan! Kuma matashina na ƙarƙashin buhun gishiri, na sa Lorna ta saka, aro ne ba kyauta ba!"

Hazo ya haɗiye gada, ya haɗiye rigar rawaya, muna jin ta tana bubbuga sanda ƙararrawar na amsawa. Kawu ya riƙe injin a ƙasa-ƙasa, kansa a karkace wajen gari. Sai da muka zagaya tsibiri muryar ta yanke, sannan ya ƙara wuta.