Kukan Motar Suhail

A Bidiya, inda kwalta ke ƙarewa yashi ya karɓa, bango ɗaya ne ya raba shagona da garejin Khalfan. Ni aikina rage wa tayoyi iska idan za a shiga tuddai, in mayar musu idan an fito. Shi kuwa inji yake gyarawa, ko in ce saurare yake yi, don rabin yininsa a zaune yake kan wata tsohuwar kujerar mota, ido a lumshe, butar gahawa a gefensa. Wanda bai san shi ba sai ya ce malalaci ne. Ni da na san shi ma wani lokacin haka nake cewa.

A cikin yashi aka haife shi, a tanti. Mahaifinsa makiyayin raƙuma ne, kuma Khalfan yakan ce tun yana ƙarami yake gane raƙumar da ke ciwo daga numfashinta. Da ya girma ya tafi Maskat ya koyi aikin ƙarfe, ya dawo da sifanu da furfura, amma kunnen makiyayin nan bai bar shi a can ba. Haka kuma bai bar al'adar tanti ba, wato ba a tambayar baƙo abin da ya kawo shi. A ba shi dabino, a zuba masa gahawa, a tambayi ruwan sama da lafiyar dangi, in ya ga dama ya faɗi buƙatarsa. Kowa a gida yake wannan, shi sai ya kwaso ta ya kawo gareji. Na sha yi masa faɗa.

"Kai fa bakanike ne, ba mai masauki ba. Buɗe baki ka tambayi mutum me ya sami motarsa."

"Ai motar ta gaya mini tun daga kan kwana," in ji shi. "Sai kuma in sa mai ita ya maimaita?"

Abin haushin, yawanci gaskiyarsa ne.

Samarinmu ba su da abin so kamar hawan tudun yashi. Sukan ɗaura wa inji wata na'ura mai ɗura masa iska, kamar zugazugin maƙeri, don mota ta samu ƙarfin hawa. A jikinta akwai ɗan bawul da ke buɗewa ya saki rarar iskar idan direba ya ɗaga ƙafa daga totur. In 'yar robar cikinsa ta tsage, ko ƙarfen da ke juya shi ya saki, sai ya riƙa kuka. Khalfan ba ya iya zama kusa da irin wannan kukan. Yana cewa ji yake kamar an ɗaure dabba a rana an manta da ita.

Wata rana da hantsi wata farar mota ta shigo layinmu. Da direban ya ɗaga ƙafa zai tsaya, sai ta yi wani dogon fito siriri, ta ƙarasa shi da shaƙuwa. Khalfan ya buɗe ido. Saurayi ne ya fito, mai kunya, daga wata ruga can gefen tuddai. Ya ce sunansa Hamud. Aka zauna, aka ci dabino, aka kewaya da gahawa, aka tambayi raƙuma da dangi. Khalfan bai tambaya ba, shi kuma yaron tarbiyya ta hana shi sako maganar aiki a tsakiyar gaisuwa. Ana haka wani ɗan'uwansa ya tsaya a bakin titi yana danna masa oda, za su kasuwar dabbobi. Hamud ya ajiye makulli kusa da butar ya ce sai la'asar.

Da la'asar ya dawo ya tarar da mota tana numfashi lumui. Khalfan ya sa sabuwar roba, ya ɗaure ƙarfen, ya shafa masa mai, har da share ƙurar bonet. Hamud ya tayar, ya taka, ya ɗaga ƙafa. Shiru. Na ga fuskarsa ta sauya, amma godiya ya yi, ya ja motarsa ya tafi.

Bayan 'yan kwanaki sai ga shi, idanu sun faɗa. Wannan karon ko kofin bai karɓa ba.

"Kawu, ka yafe mini. Ni juyen mai na zo yi ran nan."

"To kukan fa?"

"Kukan ba na gyara ba ne."

Ya zauna ya ba mu labari. Motar ta yayansa ce, Suhail, wanda zazzaɓi ya ɗauke bara. Mahaifiyarsu, Inna Zuwaina, idanunta sun tafi, hankalinta kuma yana zuwa yana komawa. Kullum da yamma tana zaune a ƙofar gida. Idan Hamud ya dawo da motar ta ji fiton nan, sai ta ce Suhail ya dawo, ya wuce wajen raƙuma, a kawo mata abinci. Tun ranar da motar ta koma gida shiru, ta ce ba za ta ci ba sai ɗanta ya dawo. Ruwa kawai take kurɓa.

Ban taɓa ganin Khalfan ya miƙe da sauri haka ba. Ya nufi bayan gareji inda yake zubar da tarkace, amma masu kwashe ƙarafa sun riga sun share wurin. Tsohuwar robar ta tafi. Na buɗe baki zan ce ai na gaya maka, sai na dubi fuskarsa, tausayi ya kama ni, na haɗiye.

"Ka rufe shagonka," ya ce mini. "Kunne biyu ba za su isa ba."

Muka rage iskar tayoyi muka shiga tuddai, inda babu ƙarar komai. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kashe kukan inji, yau ga shi da allura a hannu yana neman tayar da shi. Ya huda sabuwar robar kaɗan, ya mayar, Hamud ya hau tudu ya ɗaga ƙafa a ƙoli. Wani ɗan tsaki ya fito.

"Ba shi ba ne, Kawu."

Ya faɗaɗa hudar. Wannan karon ta yi gurnani.

"Wannan ai kai ne bayan ka ci shinkafa," na ce masa. Bai ko kalle ni ba.

Haka muka yi ta yi, rana tana sauka, yashi yana juyewa daga fari zuwa ja. Iska tana kwasar ƙurar kan tuddai kamar hayaƙi. Khalfan ya daina bin motar. Ya zauna a ƙasa can nesa, ya lumshe ido, motar tana hawa tana sauka, kukanta yana zuwa masa daga nan, daga can. Wasu raƙuma suka tsaya a kan wani tudu suna kallonmu. Ni kaina sai na fara jin kamar wani ne ke kira daga bayan yashi, ya kusa, ya sake nisa, har na rasa ko motar nake ji ko iska. Can Khalfan ya ɗaga hannu, Hamud ya zo. Ya sassauta ƙarfen da ya ɗaure da hannunsa, kaɗan ƙwarai, ya rufe bonet.

Motar ta hau. A ƙoli ta yi dogon fito, ta ƙarasa da shaƙuwa. Hamud ya tsaya a can sama, ya kifa kai a kan sitiyari, bai sauko da wuri ba.

"Ya yi kama," ya ce da ya iso. "Amma na Suhail ya fi siriri."

"Iyakar kunnena ke nan, ɗana. Mu je Inna ta yanke hukunci."

Muka isa rugar kafin magariba. Inna Zuwaina tana zaune kan tabarma a ƙofar gida, 'yar ƙarama, a naɗe cikin baƙin mayafi, kwanon shinkafa da kifi a rufe a gefenta. Hamud ya karyo kwana ya ɗaga ƙafa. Motar ta yi kukanta. Tsohuwar ta karkata kai. Ta daɗe a haka, mu kuma muna cikin mota ba mai motsi. Tsoro ya kama ni sosai.

Muka fita muka gaishe ta.

"Kun ji ko?" ta ce. "Har muryar motar ta dushe. Yaron nan Suhail ba ya jin magana. Tun yaushe nake ce masa ya kai motar nan gyara."

Khalfan ya durƙusa a gabanta. "Inna, ni bakanike ne. Na duba ta."

"To me ka gani?"

"Lafiyarta ƙalau. A bar ta haka."

Ta yi tsaki, ta ce duk bakinmu ɗaya da shi. Sannan ta lalubi kwanon, ta buɗe murfin, ta ce wa Hamud ya rage wa yayansa kifi.